Mu A Yanke Mana, Su A Lallaɓa Su

Ranar Talata na raka Kawu birni don tantancewar 'yan fansho. Shekara 35 ya yi yana shaƙar ƙurar alli a firamaren ƙauyenmu, can yankin Sumaila. Daga masallacin asuba muka hau acaɓa zuwa bakin titi, kuɗin motar ma rance na yi.

Yaron da ke kan teburin bai kai sa'ar autan Kawu ba. Kawu ya yi sallama, yana latsa waya. Ya sake sallama. Sai ya ɗago da ƙyar: "Baba, mene ne?" Kawu ya kwance ledarsa, ya miƙa takardun da hannu biyu. Yaron ya ture su da bayan biro.

"Wannan hoton ba kai ba ne."

"Ni ne, ɗana. Tsufa ne ya zo."

"To ka je ka kawo shaidar kana raye."

Jama'a, mutum yana tsaye a gabanka yana tari! Na ce, "Malam, ai ga shi kana gani." Ya dube ni sama da ƙasa: "Kai kuma a wa? Na baya ya matso!" Wato numfashi ma sai an buga masa hatimi.

Ni ma malamin makaranta ne, shi ya sa abin ya tsaya mini a maƙogwaro. Duk wata ana cire kashi 8 na albashina da sunan fansho, a cire haraji, tun kuɗin bai shigo asusuna ba. Ba a tambayata, ba na ciniki. Amma alhajin da ke loda riɗi tirela-tirela, abin da ya ga dama ya ce ya samu, a kai za a yi masa lissafi, har da "Allah ya ƙara arziki".

An yi ta buga ganga kan sabuwar dokar harajin da Tinubu ya sa wa hannu a 2025. An ɗauke wa mai samun naira 800,000 a shekara, madalla. Daga nan sai kashi 15 a kan abin da ya haura, inda malamai da ma'aikatan asibiti muke. Mai samun sama da miliyan 50 fa? Kashi 25, alhali mafi tsada a tsohuwar doka 24 ne. Kashi ɗaya tal, kar ransu ya ɓaci.

Kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san yadda kwanon masara ya koma. Duk da haka jihohi da dama na da dokar bai wa tsofaffin gwamnoni fansho da gidaje da motoci bayan shekara 4 ko 8 kacal. Majalisar Zamfara ta soke tata a 2019, sama ba ta faɗo ba. Me sauran ke jira? In baitulmali ba ta iya biyan garatutin malamai, a fara da aljihun waɗannan, a tatsi manyan attajirai, a sakar mana mara.