Ɗakin da gwamnati ba ta gina a jami'a ba, 'yan hayar Ayigya ke biyan kuɗinsa

Akwai wani tela da ke ɗinka mini kayan sallah tun ina saurayi. Ya daɗe yana zaune a ciki da falo a Ayigya Zango, kusa da jami'ar KNUST a Kumasi, keken ɗinkinsa na bakin ƙofa, yaransa duk a gidan aka haife su. Bara da kuɗin hayarsa ya kusa ƙarewa, mai gidan ya zo da yamma, ya zauna a benci suka gaisa, sannan ya ce masa: "Malam, ka yi haƙuri, wallahi ba ka yi mini laifin komai ba. Ɗalibai zan saka." Bayan wata biyu na bi ta wurin, na leƙa ta taga. An shafa fenti, an jera gadajen ƙarfe masu hawa biyu a inda matarsa take jera kwanuka. Samari huɗu ne a ciki, huɗu a falo, kowannensu ya biya kuɗin shekara tun kafin a ba shi makulli.

Ban ga laifin mai gidan sosai ba, shi ma iyali gare shi, kuma kasuwa ce ta zo har ƙofarsa. Yaran nan kuwa karatu suka zo yi. Ni inda na ɗora alhakin shi ne kan yadda gwamnatocinmu, ta jam'iyyar NDC da ta NPP, suka yi shekaru suna buɗe ƙofar jami'a ba tare da sun tanadi inda mai shiga zai kwanta ba.

A duba KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah, wadda ta fara a matsayin kwalejin fasaha ta Kumasi a farkon shekarun 1950, ta zama cikakkiyar jami'a a 1961. Manyan gidajen kwananta shida ne: Independence, Queens, Republic, Africa, Unity da ake kira Conti, da University Hall da kowa ya sani da Katanga. Dukkansu kafin 1970 aka gina su, lokacin da ɗalibai ba su wuce 'yan dubbai ba, gwamnati na ciyar da su, tana ba su wurin kwana kyauta. Yau ɗaliban jami'ar sun haura 80,000. An ƙara wasu gine-gine daga baya, har da waɗanda aka yi da kuɗin asusun fanshon ma'aikatan jami'a, amma nasu kuɗin ya fi na tsofaffin tsada, kuma ko an haɗa su duka ba su ɗauki rabin jama'ar ba. Shi ya sa tsarin da ake bi shi ne ɗan shekarar farko ya samu gado a ciki idan ya yi sa'a, daga shekara ta biyu kuma ya fita ya nemi na kansa. To ina zai fita? Ayeduase, Kotei, Bomso, Kentinkrono, Boadi, sai kuma Ayigya, wato bayan ɗakinmu.

Abin bai faru dare ɗaya ba. Tun a 1997, a taron da aka yi a Akosombo, aka amince cewa gwamnati ba za ta ƙara ɗaukar nauyin jami'a ita kaɗai ba: za ta riƙe kashi 70, sauran kashi 30 ya fito daga ɗalibai da kuɗin shigar jami'o'in da masu taimako. Daga nan aka fara karɓar kuɗin amfani da kayan karatu da na wurin kwana, ɗalibai suka yi zanga-zanga a 1999. A 2000 aka kafa asusun tallafa wa ilimi na GETFund, aka ware masa harajin VAT na kashi 2.5 domin gine-gine da kayan aikin makarantu. Duk wanda ya zaga jami'o'inmu ya ga allunan GETFund a jikin ajujuwa da ɗakunan gwaji, aikin ya yi amfani. Sai ga shi a 2017 majalisa ta yi dokar da ta sa wa irin waɗannan asusu iyaka, abin da ya haura iyakar ya koma babbar jakar gwamnati. A wannan shekarar dai, cikin watan Satumba, aka fara karatun sakandare kyauta. Yara suka cika makarantu har sai da aka raba su rukuni biyu a 2018. Ba sai an kira masani ba kafin a gane cewa bayan shekara uku wannan taron zai tsaya a ƙofar jami'a. An ƙara yawan masu zuwa, an kuma rage kuɗin gini, duk a shekara guda.

Yadda kuɗin ke tafiya a yanzu, mafi yawan abin da gwamnati ke ba jami'a albashi ne. Man janareta, gyaran bandaki, sinadaran ɗakin gwaji, intanet, duk sai jami'a ta nemo daga kuɗin shigarta. Ko sabon malami take so ta ɗauka, sai ta jira izinin ma'aikatar kuɗi. Jami'ar da aka bar ta ta ciyar da kanta kuwa hanya ɗaya ta fi sauƙi a gare ta: ta ƙara ɗibar ɗalibai, ta buɗe gurabe na masu biyan cikakken kuɗi, ta faɗaɗa karatu daga nesa da na ƙarshen mako. Kowane ɗalibin da aka ƙara kuɗi ne a asusun jami'a, amma gadonsa da ruwan wankansa da sharar da zai zubar, unguwa ce ke ɗauka. Ku je Ayeduase bayan an yi ruwan sama ku ga kwata, ku ga benaye hawa huɗu da biyar a kan lungun da mota biyu ba sa iya giftawa.

Ban manta da alherin da ke ciki ba. Jami'a ta raya wannan ɓangaren na Kumasi. Matanmu na Zango da ke sayar da koko da ƙosai da waakye a Tech Junction, direbobin trotro, masu aski, masu gyaran waya, da yawansu daga aljihun ɗalibai suke ci. Lokacin da malaman jami'a na ƙungiyar UTAG suka shiga yajin aiki a watan Janairun 2022, aka yi makonni ba karatu, wata Hajiya da nake sayen koko a wurinta ta nuna mini bokitinta da hantsi, ko rabi bai yi ba. "Ɗana," in ji ta, "su da gwamnati ke faɗa, ni ce nake kwana da yunwa." Wannan ma hujja ce a kan maganata. Garin da rayuwarsa ta rataya a kan jami'a, duk ranar da aka yi wa jami'ar rowa, sai ya ji a jikinsa, ko ta hanyar haya ko ta hanyar ciniki.

Yanzu ga sabon shirin da Shugaba Mahama ya ƙaddamar a Koforidua a watan Yulin 2025, wanda gwamnati ke biya wa ɗaliban shekarar farko kuɗin makaranta. An ware masa kusan Sidi miliyan 500 a kasafin 2025. Na yi murna da shi, kuma ba zan yarda a raina shi ba, domin na tuna watan Afrilun 2022 da aka dakatar da karatun ɗalibai sama da 6,000 a KNUST saboda ba su biya abin da ake bin su ba, kafin daga baya a ƙara musu wa'adi. Na san gidajen da aka sayar da keken ɗinki ko aka kwashi adashi kafin lokaci don yaro ya yi rajista. Sai dai duk uban da ya kai ɗa jami'a a 'yan shekarun nan zai gaya maka cewa kuɗin makaranta ba shi ne babban dutsen ba. Ga kwasa-kwasai da yawa, gado ɗaya a ɗakin mutum huɗu a gidan kwanan 'yan kasuwa ya fi kuɗin karatun shekara tsada. Kuma shirin a shekarar farko yake tsayawa, daidai lokacin da za a ce wa yaro ya fita ya nemi ɗaki.

A nan ne abin ya fi taɓa mu mutanen Zango, musamman a kan 'ya'ya mata. Mun sha wahala kafin iyaye su yarda yarinya ta wuce sakandare. Yanzu sun yarda, malamai na faɗa a kan mumbari, iyaye mata na alfahari da ranar yaye ɗalibai. Amma uban da ya amince 'yarsa ta zauna a gidan kwanan jami'a, inda akwai mai gadi da doka da lokacin rufe ƙofa, shi ne zai yi turus idan aka ce a wani bene za ta zauna a ƙarshen Kotei, maza da mata a hawa ɗaya, ba wanda ya san mai gidan. Wata 'yar ƙanwata haka ta yi shekara uku tana tashi daga Aboabo bayan sallar asuba, ta hau trotro, ta dawo bayan isha'i. Ta gama, alhamdu lillahi, amma karatun dare a laburare da tattaunawa da 'yan ajinsu duk sun wuce ta. Wadda gidansu ke Bawku ko Yendi ko Salaga fa, wace mota za ta hau?

Na san amsar da za a ba ni: babu kuɗi. Gaskiya ne ƙasar ta shiga matsi. A watan Disambar 2022 Ghana ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje, hauhawar farashi ta haura kashi 54, a watan Mayun 2023 aka shiga shirin asusun ba da lamuni na duniya IMF na dala biliyan 3. Gaskiya ne kuma har yanzu akwai yaran firamare da ke karatu a gindin bishiya, kuma haƙƙinsu ya riga na ɗan jami'a. Amma gidan kwana ya bambanta da albashi. Gini ne da ke mayar da kuɗinsa, domin ɗalibai suna biya, ko da sauƙi aka yi musu. Filin ma akwai shi, KNUST na zaune a kan ƙasa mai faɗin gaske, haka Jami'ar Ghana da ke Legon. Idan ɗan kasuwa zai ci bashin banki da ruwa mai yawa ya gina bene a Bomso kuma ya ci riba, ban ga abin da zai hana gwamnati yin haka a filin da ba saya za ta yi ba.

A kasafin 2025 an cire wa GETFund takunkumin nan na 2017, kuma hakan daidai ne. Sai dai sakandaren kyauta na jiran kuɗin da baki buɗe, idan ba a yi hattara ba a can zai ƙare. Abin da nake nema daga Ministan Ilimi Haruna Iddrisu, wanda shi kansa ya taɓa shugabantar ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa NUGS, shi ne a rubuta wani kaso sananne na asusun da ba za a taɓa shi ba sai don gidajen kwanan jami'o'i, a fara da ƙarasa gine-ginen da aka bari ciyawa ta cinye. Hukumar GTEC mai kula da ilimi mai zurfi kuma, kafin ta bar jami'a ta ƙara yawan ɗalibai, ta tambaye ta gado nawa ta ƙara. Sashe na 25 na tsarin mulkin 1992 ya ce ilimi mai zurfi zai zama a buɗe ga kowa daidai gwargwadon ƙwazonsa, kuma yarinyar da ta ci jarrabawa ta rasa wurin kwana ba a buɗe mata shi ba. Asusun raya Zango da aka kafa a 2017 shi ma yana da abin yi a nan, haka attajiranmu. Gidan kwanan ɗalibai mata guda ɗaya na wakafi kusa da jami'a, da uwar gida mai kula da su, zai fitar da iyaye da yawa daga fargaba.

Telan nan ya koma can wajen Parkoso, inda haya ke da ɗan sauƙi. Rabin masu kawo masa ɗinki ba su bi shi ba. Babban ɗansa yana ajin ƙarshe a sakandare, injiniya yake so ya karanta. Da suna Ayigya, da ƙafa zai riƙa shiga jami'a. Da na kai masa yadi kwanan baya, ya ajiye almakashi ya tambaye ni ko na san nawa ake biyan gado ɗaya a Ayeduase yanzu, don ya fara tarawa.