Gwaggo a bakin tekun Iskandariyya

Gwaggona ta zo Masar a duba mata ido. Da likita ya sallame ta a Alƙahira, sai na ɗauko ta a jirgin ƙasa zuwa Iskandariyya, inda nake zaune da iyalina, don ta huta kafin ta koma Kano. Na yi ta lissafin wuraren da zan kai ta. Na kai ta ganuwar Ƙaitbai, wadda aka fara ginawa a 1477 a gurbin tsohuwar hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa hanya, ta ce gini ya yi kyau. Na nuna mata katafaren ɗakin karatun nan da aka buɗe a 2002, ta ce Allah ya ba da ilimi mai amfani. A masallacin Imam Busiri ne kawai na ga jikinta ya yi sanyi, don ta tashi tana jin Burda a bakin malamai, ga shi yau tana tsaye kusa da kabarin mai ita.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne bayan sallar isha'i, a wani gidan shan gahawa da ke fuskantar teku. Mun zauna, an kawo mata shayi da na'ana'a a kofin gilashi. Ta daɗe tana kallon teburan da ke kewaye da mu: wata tsohuwa sa'arta da jikoki, wasu mata uku cikin hijabi suna ta dariya, wani magidanci yana ɓare wa matarsa gyaɗa. Can ta juyo ta ce, "Kai ɗan nan, yanzu duk zaman nan da nake yi ba wanda zai tambaye ni me na fito yi?" Na ce babu, Gwaggo. Ta ce, "Ikon Allah." Maganar nan ta soke ni, har yau ba ta sake ni ba.

Sai na bayyana muku yadda wurin yake kafin ku gane. Garin a miƙe yake a gefen Bahar Rum, kuma akwai titi guda, Kurnish, da ya bi bakin ruwan fiye da kilomita 15, tun daga wajen Ƙaitbai har lambun Muntaza. A ɓangaren tsohon gari, tsakanin titin da ruwa akwai 'yar katanga wadda ba ta wuce ƙugu ba. Wannan katangar ita ce kujerar talaka. Da la'asar sakaliya za ka ga an jeru a kai: masu kamun kifi da ƙugiya, ɗalibai, ma'aurata, tsofaffi da carbi. Mai gasa masara na wucewa, mai turmus na tura kurarsa, wato wani wake mai ruwan ɗorawa da ake jiƙawa da gishiri a matsa lemun tsami, ga mai shayi da fulas yana bi layi-layi. Wanda ba shi da ko sisi ma yana da wurin zama da iska mai sanyi.

A ɗaya gefen titin kuma gidajen gahawa ne, kala-kala. Akwai na gargajiya, kujerun katako a baranda, ana buga domino da ƙarfi har tebur na girgiza. In ka ce gahawa sai an tambaye ka yawan sukari: babu sam, daidai, ko mai yawa. A kawo maka ita a ɗan mitsitsin kofi da ruwan sanyi a gefe, kuma ko ka kai tsakar dare a kan wannan kofi ɗaya ba mai harararka. Akwai kuma tsofaffin gidaje na zamanin da Girkawa suka cika garin, irin su Délices da ke wajen tashar Raml tun 1922, masu dogon rufi da madubai da kek jere a gilashi. Kusa da nan akwai Brazilian Coffee Stores, tun 1929, inda ƙamshin gahawar da ake niƙawa ke tarar mutum tun daga titi. Gwaggo ta kurɓa sau ɗaya ta ture, ta ce wannan ai maganin shawara ne. A lokacin sanyi, idan iskar teku ta taso tana watso ruwa har kan titi, sahlab ake sha, madara mai kauri da gyaɗa da kwakwa a sama, shi kam na san da zai shiga ranta.

Kifi kuwa sai unguwar Bahari. Ba a kawo maka takardar zaɓen abinci, kai za ka je gaban ƙanƙara ka nuna wanda kake so, a auna a gabanka, ka faɗi yadda za a yi shi. Mu mun ce a tsaga shi a buɗe, a zuba tumatir da albasa da tattasai a gasa. Aka haɗo da jar shinkafa da aka dafa da soyayyar albasa, da miyar riɗi, da burodi mai zafi. Jatan lande da ƙaguwa ko kallonsu ba ta yi ba. Ta zaro ƙullin yajinta daga jaka ta barbaɗa, kuma gaskiyarta ce, abincin mutanen nan ba ya jin yaji. Ko hantar da suke taƙama da ita, wadda ake soyawa da tafarnuwa da ɗanyen barkono a cusa a burodi, ba ta kama ƙafar tsiren da ake yi a bakin titin unguwarmu ba. Wannan kam ba na saurara wa kowa a kai.

Na san abin da wasu za su ce: ya je Masar an juya masa kai. To ku tsaya. Ban ce garin aljanna ba ne. Baƙar fata a nan yana shan kira da "samara", wato mai duhun fata, daga bakin yara har da manya. Hayaƙin shisha ya ishi mutum. 'Yan matansu suna kokawa da samari masu bin su da magana a titi. Gidajen gahawa na cikin lungu har yanzu kusan na maza ne zalla. Su kansu 'yan garin suna kukan cewa an killace wurare da yawa na bakin ruwa sai da tikiti, an gina kantuna sun tare musu teku. Duk na gani. Kuma mu ma muna da namu: majalisa, teburin mai shayi, dakalin ƙofar gida. Hirar da ake yi a majalisarmu ban taɓa jin irinta a nan ba, kuma ba a kawo maka lissafi in za ka tashi.

Amma wa ke zama a majalisar? Mu. Gwaggo ta haura sittin, kuma duk fitar da ta taɓa yi tana da suna: biki, suna, dubiya, ta'aziyya, Islamiyya, asibiti. Dandalin da ta yi gaɗa tana yarinya shi ne wuri na ƙarshe da ta je don nishaɗi kawai. Kada a kawo mini zancen addini. Matan da na gani a Kurnish lulluɓe suke, wasu har da niƙabi, da mazajensu da 'ya'yansu, ana kiran salla suna tashi su yi. Kada kuma a ce don ba mu da teku ne. Muna da Tiga, muna da Bagauda, wanda otal ɗinsa ya koma makarantar horon lauyoyi. Muna da Dala da Goron Dutse. Abin da ba mu da shi shi ne wurin da magidanci mai ƙaramin ƙarfi zai ɗauki matarsa da mahaifiyarsa da yamma, su zauna a fili, ba tare da an biya kuɗin shiga ba, ba tare da an bi su da ido ba.

Filayen ma da za a yi hakan ina suke? Duk hutun da na je gida sai na tarar wani kududdufi an cike shi an dasa shaguna, wani fili ya zama gidan mai, badala ana ta yankarta kaɗan-kaɗan. In ɗan siyasa ya zo neman ƙuri'a, gadar sama muke roƙo, ban taɓa jin wanda ya roƙi bishiyoyi da benci da fitila ba. Wuraren shaƙatawar da ake buɗewa kuma na masu mota ne, farashin lemo ɗaya ya isa cefanen wani gidan.

Karatuna ya kusa ƙarewa, kuma Allah ya sani ina ƙaguwa in koma. Sai dai uwargida, wadda ta saba duk Alhamis mu sauka bakin ruwa da yara, ta fara tambayata ina za mu riƙa zuwa in mun koma. Na yi tunani na ce akwai gidan zu. Ta ce wannan ai sai da salla.