Jego a Ingila lokacin kulle

Kwana goma sha ɗaya da haihuwata ma'aikaciyar lafiya ta kira ni a waya. Ta tambayi yadda jaririya ke kama nono, ta tambayi barcinta, sai ta ce, "Akwai mai taimaka miki a gida?" Na ce mata akwai. Ina ajiye wayar na zauna a kan matakalar bene na yi kuka mai isata. A Kano wa zai yi wa mai jego wannan tambayar?

A Mancesta ne, watan Afrilun 2020. Ranar 23 ga Maris Boris Johnson, firaministan lokacin, ya sanar da kulle, makarantu kuwa tun kwana uku kafin nan aka rufe su. A daidai lokacin Najeriya ta tsayar da jiragen ƙasashen waje. Hajiya ta samu biza, ta daka yaji, ta ƙulla kanwa da garin kunu, komai ya ƙare a cikin akwati. Maigida a asibiti yake aiki. In ya dawo, a bakin ƙofa yake tuɓe kaya ya wuce wanka kafin ya taɓa kowa.

Gidajen layinmu na jan bulo ne, a manne da juna, kowanne da ɗan fili a baya da bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. Sau ɗaya gwamnati ta ce a fita motsa jiki a rana. A kanti an manna layi a ƙasa, mita biyu tsakanin mutum da mutum. Yara sun zana bakan gizo sun liƙa a tagogi. Duk Alhamis da ƙarfe takwas na dare kowa ya fito ƙofar gidansa, ana tafi ana kaɗa tukwane don ma'aikatan asibiti, bayan minti biyu kowa ya koma ya rufe. Tsohuwar da gidanta ke kallon namu, 'yarta kan ajiye mata cefane a ƙofa ta ja baya, ta ɗaga mata jika ta gani ta gilashi.

Ba zan ci amanar gaskiya ba, gwamnati ta biya waɗanda aka zaunar daga aiki kashi 80 cikin ɗari na albashinsu, wuta da ruwa ba su ɗauke ba. Na san kuma abin da kullen Kano ya yi wa mai fita ya nemo a ci a ranar. Amma ko a cikin wannan wahala, ƙanwata da ta haihu a Gwale an dafa mata ruwan wanka safe da yamma har ta yi arba'in. Maƙwabciya ta miƙo kunun kanwa ta katanga, wata ta ɗauke mata manyan yaran. Ni kuwa da hannu ɗaya nake riƙe jaririya, ɗayan yana kan kwamfuta ina neman aikin da makaranta ta turo wa yayyenta biyu.

Masu cewa kulle ne ya raba iyalai a nan ba su duba da kyau ba. Dama can uwa da uba kaɗai ke da ɗa a ƙasar nan. Makaranta da gidan raino ne suka rufa asirin, da aka rufe su sai abin ya fito fili. Shekara bakwai ina layin nan, babu ƙofar da zan ƙwanƙwasa in ce a riƙe min yaro in yi wanka.

Ranar suna ta waya aka yi addu'a, ragon a Kano aka yanka, mu ko ƙamshinsa ba mu ji ba. Sunan Hajiya muka sa wa jaririyar. Da yamma ta kira ta bidiyo, ta ce a ba ta babbar jikarta. Ta ce, "'Yar gidana, kin yi ƙanwa, ina tukwicina?" Yarinya ta juyo ta tambaye ni da Turanci me kakarta ke faɗa. Wata biyar muka yi a kulle tare da yaran nan, dare da rana, kuma yawancin maganar da na yi musu da Turanci na yi ta. Hajiya ba ta ce komai ba a ranar, sai da za mu yi sallama ta ce, "Ki riƙa yi musu Hausa, ko a wajen cin abinci ne."