Kwatabak ɗinmu na bana

(Filin da direbobin tasi da Uber ke jiran layi kusa da filin jirgin O'Hare a Shikago, watan Agusta 2025, ana hirar ƙwallon Amurka ta gasar NFL da ƙungiyar garin, Chicago Bears. Baba Direba na zaune a but ɗin motarsa da fulas ɗin shayi, Bakano ya sha jesi mai lamba 18 a kan kaftani, Bazazzagi na latsa waya, Baƙo kuma ɗan yayar Bakano ne, bai daɗe da sauka daga gida ba.)

BAKANO: Ku rubuta ku ajiye, ni na faɗa, bana yaron nan Caleb Williams, kwatabak ɗinmu mai jefa ƙwallo, sai ya jefa yadi 5,000, tacdawun 45 (wato kai ƙwallo gidan abokan gaba a ci maki), ya ɗauki MVP na gwarzon shekara sannan a Fabrairu mu ɗago kofin Super Bowl, in ba haka ba ku canza min suna.

BAZAZZAGI: Suna nawa za mu canza maka bawana, bara mun canza, lokacin tsohon kwatabak Justin Fields mun canza, yanzu ko matarka sai ta duba lasin ɗinka kafin ta kira ka. Yadi 5,000 a ina? Bears fa tun 1920 suke wasa kuma har yau ba su taɓa samun kwatabak ɗin da ya kai 4,000 a shekara ɗaya ba, su kaɗai suka rage a NFL gaba ɗaya, mafi yawa shi ne 3,838 na Erik Kramer tun 1995.

BAKANO: Kai dai Bazazzagi ba ka da aiki sai lissafi, shi ya sa ba kwa kuɗi.

BAƘO: Kawu dan Allah wai shi kwatabak ɗin nan lamba nawa yake bugawa, tara ne ko goma?

BAKANO: Shi ne komai! Shi ne tara shi ne goma shi ne kyaftin.

BAZAZZAGI: Kar ka ruɗa yaro. Ji nan ƙanena, duk farkon wasa shi ake miƙo wa ƙwallo, yana da kamar sakan biyu zuwa uku ya duba fili ya gane wa ya kuɓuce ya jefa masa, a gabansa akwai ƙarti biyar masu tare masa hanya, a gabansu kuma wasu ƙartin ne masu kilo ɗari da wani abu da ba su da buri a duniya sai su danne shi. Akwai rediyo a hularsa koci na gaya masa tsarin da za a yi, in saura sakan 15 a fara sai a kashe rediyon, daga nan shi da Allahnsa.

BAƘO: To in suka danne shi ba fawul ba ne?

BAZAZZAGI: Albashinsu kenan.

BAƘO: Innalillahi. Sau nawa suka danne namu?

BABA: 68.

BAƘO: A rayuwarsa?

BABA: A bara. Wasa 17, kowane wasa sau huɗu cif, ba wanda ya kai shi shan ƙasa a lig ɗin. Ni da nake kallo a kujera ma sai da na nemi man zafi.

BAKANO: Baba ai wannan ba laifinsa ba ne, masu tsaron ne ƙofa a buɗe, ko akuya ta zo sai ta wuce.

BAZAZZAGI: Rabi nasu rabi nasa, faɗi gaskiya. Yaron yana riƙe ƙwallo kamar kuɗin adashi, a jami'ar USC ya saba ya yi ta zille-zille yana zagaye fili har wani ya kuɓuce, da haka ya ci Heisman, kyautar gwarzon 'yan wasan jami'a, a 2022, to nan kowa da ka gani a fili shi ma gwanin jami'arsu ne, kana juyawa ka tarar da mutum a ƙirjinka.

BAKANO: Amma yadi 3,541 fa ya jefa, tacdawun 20, sau 6 kacal aka cafke masa jifa, a shekarar farko, nuna min wani sabon yaro a tarihin Bears da ya yi haka.

BAZAZZAGI: Babu, wannan na ba ka.

BAKANO: To ka gani! Ninka shi biyu bana.

BAZAZZAGI: Ba atamfa ba ce da za ka ninka Alhaji.

BABA: Kai Bakano, ba kai ne a nan wurin watan Nuwamba ka ce a mayar da yaron inda aka ɗauko shi ba? Har ka ce mai fentin farce ba zai taɓa cin kofi ba.

BAKANO: Baba ɓacin rai ne, lokacin ai kowa ya faɗi magana.

BABA: A Oktoba kuma kai ne ka ce ya fi Mahomes, kwatabak ɗin Kansas City.

BAKANO: To ai a Oktoba ya fi shi! Mun ci huɗu an ci mu biyu, muka je Landan muka lallasa Jacksonville 35 da 16, tacdawun huɗu ya jefa a filin Tottenham.

BAƘO: Filin Tottenham? Ai shikenan Kawu, daga nan aka kwaso muku tsiya, ni ɗan Arsenal ne na san wurin nan.

BAZAZZAGI: Wallahi yaron nan yana da basira, don daga Landan ɗin sai da aka ci su goma a jere. Amma kai ma ka yi a hankali, rabonku da lig tun 2004.

BAƘO: Bana namu ne Malam.

BABA: Ka ji, jinin gidansu ne, shi da kawunsa baki ɗaya.

BAƘO: Wai ya aka yi goma a jere?

BAKANO: Kar ka tuna min Washinton.

BAZAZZAGI: Ni zan tuna masa. Muna gaba 15 da 12, saura sakan biyu wasa ya tashi, kwatabak ɗinsu Jayden Daniels wanda aka ɗauka na biyu bayan namu a zaɓen sabbin 'yan wasa ya rufe ido ya wurga ƙwallo sama yadi 52, shi kuma mai tsaron bayanmu Tyrique Stevenson an fara wasa yana can gefe ya juya baya yana yi wa 'yan kallo tsiya, da ya farga ya rugo a guje ya doki ƙwallon ta faɗa hannun mutuminsu Noah Brown da ke tsaye shi kaɗai a baya, 18 da 15, kowa ya tafi gida.

BAKANO: Ina ɗauke da fasinja ranar ina ji a rediyo, na wuce gidan matar da titi uku ban sani ba, tauraro ɗaya ta ba ni.

BAƘO: To wannan ai ba laifin kwatabak ba ne.

BABA: Yauwa ɗana, amma washegari kawunka cewa ya yi da Daniels aka ɗauka.

BAKANO: To Baba ba gaskiya ba ne? Daniels ya kai su wasan kusa da ƙarshe, ya ci gwarzon sabbin 'yan wasa, mu kuma muka ƙare da ci biyar an ci mu sha biyu.

BAZAZZAGI: Minti biyar da suka wuce MVP ne, yanzu kuma kuskure ne aka ɗauke shi. Alhaji zaɓi ɗaya mana.

BAKANO: Duka biyun ina kai.

BABA: Ku tsaya ku ji. Ni na zo garin nan 1984, da idona na ga Walter Payton yana gudu, na ga Mike Ditka da tabarau, Janairun 1986 muka yi wa New England 46 da 10 na ce ashe haka ake yi duk shekara. Tun daga nan nake jira. An kawo Rex Grossman ya kai mu fainal 2007 aka ci mu, an kawo Jay Cutler 2009 daga Denver aka ce an gama, 2017 aka ba San Francisco kaya don a matsa daga na uku zuwa na biyu a layin zaɓe a ɗauki Trubisky, Mahomes na zaune har sai na goma Kansas City suka ɗauke shi, yanzu kofinsa uku. 2021 Fields. Kowanne na ga an yi masa guɗa na ga an yi masa ihu. Gidan da aka kawo amarya biyar kowacce ta fita da kuka, ni dai a ganina mijin ya kamata a kai asibiti.

BAZAZZAGI: Baba ka gama magana. Dubi abin da aka yi wa wannan, wasa tara kacal aka kori mai tsara masa hari Shane Waldron, bayan sati biyu da wani abu ranar Thanksgiving a Detroit ana 23 da 20, an danne shi saura sakan talatin da 'yan kai, koci Matt Eberflus na da damar tsayar da agogo guda ɗaya a aljihu ya tsaya yana kallo har lokaci ya ƙare, washegari aka sallame shi, kuma shi ne karo na farko da Bears suka kori babban koci ana tsakiyar kaka.

BAƘO: Damar ya tafi da ita gida?

BABA: Tana nan a firij ɗinsa.

BAKANO: Duk wannan tsohon labari ne, yanzu muna da Ben Johnson, mutumin da ya tsara wa Detroit harin da suka fi kowa cin maki bara, an kawo Joe Thuney daga Kansas City, an kawo Drew Dalman da Jonah Jackson, ƙofa ta rufu, ga DJ Moore ga Rome Odunze ɗanmu.

BAƘO: Ɗanmu kuma?

BAKANO: Babansa ɗan Najeriya ne.

BAZAZZAGI: In ya kama ƙwallo ɗanmu ne, in ya saki sai ka ce ai ba ɗan arewa ba ne. Kuma sabon koci sabon karatu ne Alhaji, yaron da ya saba tsayuwa nesa a cillo masa ƙwallo yanzu an ce ya matso ya karɓa hannu da hannu ya juya wa abokan gaba baya, sabon taku, sabbin sunayen tsari, kocin ma cewa ya yi yana so kashi 70 cikin ɗari na jifarsa su isa hannu, bara 62 da rabi ya yi. Wannan ba a wata ɗaya ake yinsa ba. Peyton Manning shekararsa ta farko 1998 sau 28 aka cafke masa jifa, suka ci wasa uku aka ci su 13. Josh Allen da ya ɗauki MVP ɗin bara, da ya fara ko kashi 53 bai kai ba. Mahomes ɗin da kake kira wasa ɗaya ya buga a 2017, zama ya yi yana kallon Alex Smith. Green Bay sun zaunar da Rodgers shekara uku, suka zaunar da Jordan Love shekara uku.

BAKANO: Kar ka ƙara kiran Green Bay a gabana, kuma ai mun ci su a gidansu wasan ƙarshe, 24 da 22.

BAZAZZAGI: Bayan sun ci mu sha ɗaya a jere.

BAKANO: Na ƙarshe ake tunawa.

BAƘO: To Malam kai me kake so ya yi bana?

BAZAZZAGI: Ya rage shan ƙasa zuwa arba'in, ya koyi jefar da ƙwallo waje in ba hanya, mu ci wasa tara ko goma, in ya taɓa 4,000 ɗin alhamdulillahi.

BAKANO: Ji buri kamar na ɗan fansho. Ni ba zan iya jira ba Malam, ina da kaya a ƙasa.

BABA: Wane kaya kuma?

BAKANO: Jesi. Katan shida na lamba 18 na saro.

BABA: Au, ashe abin na kasuwa ne. Na Fields ɗin fa?

BAKANO: Suna gareji, lamba ɗaya ce ai, lamba ɗaya ba ta tsufa.

BAƘO: Kawu ba su ne ka aiko mana da su Kano da sallah ba? Wlh duk layinmu Fields ne, mai shayi Fields, mai faci Fields, har ladan ya sa a ƙarƙashin riga, akwai wasu ma masu lamba goma an rubuta wani suna da ba mai iya karantawa.

BAZAZZAGI: Trubisky! Alhaji har da Trubisky ka kai wa bayin Allah?

BAKANO: Sadaka ce, kai ina ruwanka.

BAƘO: Dubu uku-uku Mama ta sayar.

BAKANO: Kai tashi ka duba ko layi ya zo kanmu.

(Baƙo ya tashi, Baba ya koma zuba shayi, Bakano ya matso kusa da Bazazzagi ya rage murya.)

BAKANO: Malam, tsakanina da kai, ba wai ina shakkar yaron ba, amma a yaran jami'a wa ake magana yanzu?

BAZAZZAGI: Akwai Arch Manning na Texas, ɗan wan Peyton ne, amma bai ma gama...

BAKANO: Lamba nawa yake sawa?

BAZAZZAGI: Sha shida.

BAKANO: Baba ara min biro.