A Bar Na Ciki, Likita

Bidiyon da ƙanin matata ya tura muku, wanda na damƙe hannun likitan haƙori ina roƙonsa, ku sani ya yanke farkonsa.

Dasashina ya daɗe yana jini, asuwaki kullum ja, uwargida kuma ta fara ajiye mini kanumfari kusa da hula ba ta cewa komai. Sai na ci karo da wani bidiyo na Amurka a Facebook: likita ya zura siririyar waya tsakanin haƙori da dasashi, hasken leza yana ƙone ruɓaɓɓen nama da ƙwayoyin cuta, ba wuƙa, ba ɗinki, jinin ma kaɗan, mutumin yana kwance da baƙin tabarau abinsa. A daren na sanar a majalisarmu ta Jekadafari cewa leza za a yi mini. Da safe ƙanin matar tawa ya goya ni a mashin zuwa asibitin haƙori.

An kwantar da ni, an haska mini fitila, an rataya mini robar tsotse miyau a gefen baki. Ba tabarau. Likita ya ɗauko wani ɗan ƙarfe mai zane-zane, yana cusawa a gindin kowane haƙori, yana faɗa wa wata ma'aikaciya tana rubutawa: "3. 3. 5. 6." To ni ɗan kasuwa ne, in na ji ana kiran lamba ana rubutawa, dubu-dubu nake ji. Haƙora 32, kowanne wuri shida yake taɓawa. Kafin ya gama turame na sayar da ragon layya a zuci, na fara duba firijin uwargida. Da ya ce "7", sai na damƙe masa hannu, roba a baki, miyau na gangarowa cikin wuyan rigata, na ce, "Likita, don Allah a bar na ciki, ba a ganinsu. A yi na gaba kawai."

Ɗaki ya yi tsit. Ma'aikaciyar ta juya wa bango fuska, kafaɗunta na rawa. Likita ya sauke takunkumi a hankali ya ce, "Alhaji, milimita ce." Zurfin ramin da ke tsakanin haƙori da dasashi yake aunawa, zuwa 3 lafiya lau, 5 da 6 kuwa dasashin ya saki, datti ya daskare a ciki ya zama dutse. Na ce to lezar fa? Ya ce ko masu ita ma sai sun kankare wannan dutsen, a fara kankarar, in an sake aunawa bayan makonni a ga abin da ya rage. Sannan ya tambaye ni goro nawa nake ci a rana.

Duk wannan, mutumin naku yana bakin ƙofa da waya a sama. Yaron da shi kansa giɓi gare shi, a bikin yayarsa ya ɓalle haƙorin garin buɗe kwalbar lemo, ni na biya kuɗin asibitin. Buhun masarar da ya ɗauka bara kuwa har yau "in an yi albashi, Yaya". Shi ne yau mai ɗaukar rahoto. A hanyar dawowa daidai Tashar Dukku ya tsaya gidan mai, ya waiwayo yana jiran in miƙa, ni da bakin da bai gama dawowa daga allura ba.

Na dai miƙa. Surukata ta kira da yamma tana tambaya wai nawa za a bar mata firijin.