Dare hamsin ka kwana musu, ƙwai biyu sun gagara

Wannan rainin hankali da manyan kamfanonin otal ke yi wa masu riƙe da katinsu na zama memba ya isa haka. A tsarin Marriott Bonvoy, sai ka kwana dare 50 cikin shekara kafin a ba ka darajar Platinum. Mai Gold, wanda ya kwana dare 25, ko shayin safe ba ya cikin haƙƙinsa. Shi ma mai Platinum ɗin bai tsira ba. A Sheraton da Westin yana samun karin kumallo. A Courtyard na Amurka dala 10 ake ware masa a rana. A Ritz-Carlton, inda kuɗin ɗaki ya fi tsada, ba a ba shi karin kumallo ko kaɗan. Kamfani ɗaya, kati ɗaya, amma sai mutum ya haddace ƙa'idar kowane otal kafin ya san ko zai karya.

Hilton ma haka. Tun 2021 suka cire karin kumallo ga masu Gold da Diamond a otal-otal ɗinsu na Amurka, suka koma ba da dala 10 zuwa 25 a rana, gwargwadon otal, ga kowane mutum, iyaka mutum biyu a ɗaki. A birnin da abincin safe ya haura wannan kuɗi, ga haraji, ga na mai kawo abinci, kai za ka cika daga aljihunka. A wajen Amurka kuwa har yanzu abinci ake bayarwa.

Tushen matsalar a bayyane yake. Yawancin gine-ginen ba na kamfanin ba ne. Wani attajiri ne ya gina, ya ɗauki sunan yana biya. Kamfani ke yin alƙawari, mai gini ke sayen ƙwai da burodi. Don haka kullum dabarar ragewa yake nema: a rufe falon manyan baƙi, inda ake ba su karin kumallo, a ƙarshen mako, a ce abin da ya halatta maka burodi ne da 'ya'yan itace, dafaffen abinci sai ka ƙara kuɗi. Alƙawarin mayar da kai ɗaki mafi kyau kuma an ɗaure shi da sharaɗin "in akwai", alhali kana ganin irin ɗakin ana sayar da shi a manhajarsu a daren. Ko barin ɗaki ƙarfe 4 na yamma da aka yi wa mai Platinum alƙawari, a otal ɗin shaƙatawa da na manyan taruka ba tilas ba ne.

Masu zuwa Umara su suka fi shan wannan. Akwai Hilton da Marriott a Jabal Omar, dab da Harami, amma in ta hannun eja ko Booking.com aka kama ɗakin, dararen ba sa shiga lissafinka, darajar katinka ma ba a dubanta. Da wuya ka ga ejan da ke faɗa wa alhaji haka kafin ya biya.

Don haka ka kama ɗaki ta manhajar kamfanin kai tsaye, ka tabbata lambar katinka na jikin takardar. Tun a teburin karɓar baƙi ka tambaya: a ina za a karya, mutum nawa, da dafaffe ko babu? In an hana ka abin da ke rubuce, ka nemi manaja kafin ka miƙa mukulli, domin Marriott na da diyyar da kan kai dala 100 a wasu otal-otal, kuma ba za su tuna maka ba.