Masana su zauna tare tun kafin bala'i ya iso

A ganina, babban abin da ke hana duniya shawo kan sababbin haɗurra shi ne yadda masana suke zaune kowa a ɓangarensa, likita da likitoci, injiniya da injiniyoyi, alhali bala'i idan ya tashi babu ruwansa da wannan rabe-raben.

Annobar Ebola da ta afka wa Gini da Laberiya da Saliyo daga 2014 zuwa 2016 ta kashe mutum fiye da 11,000. Likitoci sun san cewa gawar wanda cutar ta kashe tana yaɗa ta matuƙa, don haka aka riƙa tura jami'ai sanye da rigunan kariya su ɗauke gawa su binne. Sai jama'a suka fara ɓoye marasa lafiya, suna yi wa mamatansu wanka a asirce, kuma ni ban ga laifinsu ba, domin babu ɗan da zai so a binne mahaifiyarsa kamar wadda ba ta da kowa. Sai da aka saurari masana al'adu da zamantakewa, aka jawo limamai da fastoci da shugabannin gargajiya, sannan aka samu tsarin jana'izar da ke kare lafiya ba tare da tozarta mamaci ba, inda dangi za su tsaya nesa kaɗan su yi addu'a su ga kabarin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wannan ƙa'ida a Nuwamban 2014, bayan an riga an yi asarar dubban rayuka.

Yanzu kuma ga ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani, waɗanda aka ƙiyasta sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019. Ko da likita ya rage rubuta maganin, ana ɗura wa dabbobin kiwo irinsa, ragowarsa kuma tana bin kashinsu da ruwan masana'antu zuwa koguna, kamfanoni da dama kuwa sun janye daga binciken sababbin magungunan saboda ribar ba ta taka kara ta karya ba. Wannan aiki ne na likitan dabbobi da masanin muhalli da masanin tattalin arziki gaba ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne har yanzu kowace ma'aikata da kasafinta, kowane sashen jami'a da mujallar da malamansa ke samun ƙarin girma da ita. Ya kamata masu ba da kuɗin bincike su sa haɗa fannoni ya zama sharaɗi, hukumomin ba da agajin gaggawa kuma su riƙa yin atisaye tare da waɗannan masana a lokacin da ake zaune lafiya.